Inci Goma Sha Biyu

Duk layin nan Yaya ake ce mata, har da tsofaffin da suka girme ta. Ƙanenta ne ya fara tun yana rarrafe a ƙarƙashin keken ɗinki, masu kawo ɗinki suka ji suka ɗauka, sunan ya bi ta har ta yi furfura. Shagonta ɗaki ɗaya ne, tsakanin mai guga da mai gyaran waya. Keke biyu ne a ciki, ɗaya na ƙafa ɗaya na wuta, sai teburin yanka da ya sha almakashi har gefensa ya zaizaye, da madubi mai tsaga a kusurwa, sai kuma bango. Bangon nan shi ne littafinta. Da alli take rubuta awon mutane a jikinsa, ƙirji da ƙugu da kafaɗa da tsawo, ba ta kuma sa suna, don ta ce telar da ta manta jikin da ta auna gara ta koma sayar da zare.

Shekara talatin da ɗoriya tana wannan sana'a, abin da ta koya a ciki kuwa bai wuce ɗaya ba: mutane maƙaryata ne. Mace za ta shigo ta ce ƙugunta talatin da biyu ne, ta riƙe numfashi ta shafe ciki, tef ya ce talatin da takwas. Wata ta kawo yadi ta rantse biyar ne, a shimfiɗa a ga huɗu da rabi. Wata ta ce gobe da asuba za ta yi tafiya, a ajiye aikin kowa a yi nata, bayan kwana uku a gan ta a bakin famfo tana hira. Mijin Yaya ma, Allah ya jiƙansa, shekara shida yana ce mata ya daina shan taba, da ya rasu ta tarar da kwali uku a cikin takalminsa na damina. Saboda haka ko ina kwana ka ce mata, sai ta ɗan leƙa waje ta ga ko da gaske safiya ce.

Mai guga, wanda ya shekara ashirin yana maƙwabtaka da ita, yakan ce, "Ke ko ruwan sama kika ga yana zuba, sai kin ce wani ne ya hau rufi da bokiti."

Ita kuma takan ce, "To, ba a taɓa yi ba ne?"

Mutum ɗaya ne a duniya ba ta bincikar maganarsa, shi ne Auta, ƙanen nan nata. Yana da shekara biyu mahaifiyarsu ta rasu, ita tana da goma sha tara. A bayanta ya yi barci tana taka keke, da shi ta tafi gidan miji, tare da 'ya'yanta uku ya tashi, har gobe in aka tambaye ta 'ya'yanta nawa sai ta yi ɗan jim kafin ta ce uku. Yanzu ƙato ne, direban katafila a wani kamfanin gina hanya, amma in ya shigo shago sai ya durƙusa ya gaishe ta, ya zauna a ƙasa kusa da ƙafar keke inda ya saba. Matarsa malamar ƙananan yara ce, siririya, mai magana a hankali, kowa Malama yake ce mata. Shekara biyu Yaya tana neman aibinta ba ta samu ba, wannan kuwa ya fi komai damunta, don a saninta ba a yin mutum haka.

Ranar da abin ya fara, Malama ta biyo ta shago bayan an tashi daga makaranta, da yadi biyu a leda. Ciki gare ta, na fari, kayanta duk sun matse ta, tana so a yi mata dogayen riguna masu yalwa. Yaya ta zare tef daga wuya ta zagaya mata shi a ciki, ta duba. Arba'in. Ta waiwayi bango, can sama kusa da kalanda, inda awon Malama yake tun na kayan aurenta. Ashirin da takwas.

"Wata nawa kika ce?"

"Biyar, Yaya. Da 'yan kwanaki."

Yaya ta sake zagaya tef, ta ja shi har Malama ta ce wash. Arba'in dai.

"Ko biyu ne a ciki?"

"Ɗaya ne. An yi hoto an gani."

"Uhm," in ji Yaya. Duk wanda ya san ta ya san wannan uhm ɗin ba ta alheri ba ce.

Da Malama ta tafi, Yaya ta kashe keke ta tsaya gaban kalanda. Masu cikin da ta auna a rayuwarta ba za su ƙirgu ba. Siririyar mace, cikin fari, wata biyar, inci shida take ƙarawa, in ta ci ta ƙoshi bakwai. Inci goma sha biyu kuwa cikin wata bakwai ne, ko a gaban alƙali za ta faɗa. Ranar da Auta ya dawo daga aikin hanya ba ta ɓace mata ba, don ranar ce ya shigo da keken wutar nan a kafaɗa ya dire mata, ta zagaye kwanan watan da jan biro. Ta ƙirga da yatsa, ta sake ƙirgawa. Wata biyar da sati biyu. Kafin nan kuwa wata huɗu cur ya yi a daji suna fasa dutse, ko leƙo gida bai yi ba.

Wata biyu ke nan suka yi rara, kuma wata biyun nan Auta ba ya gari. Yaya ta zauna a kan tulin yadi. A yi mata adalci, ba murna ta yi ba. Baƙin ciki ne ya kama ta. Yaron da ta goya yana can cikin rana yana wahala, ana nan ana yi masa wannan! Nan take ta ƙudurta a ranta cewa ba za ta bari ya rungumi ɗan wani yana kiransa nasa ba, ko da auren zai mutu a kan haka. Sai dai ba za ta buɗe baki ba sai da shaidar da ba a musu.

Ba a yi sati uku ba sai ga su su biyu, Auta yana riƙe da jakar Malama, ita tana tafe tana haki. Ya jawo mata kujera ta zauna.

"Daga asibiti muke, Yaya," in ji Malama. "Likita ya ce ruwa ne ya yi yawa a mahaifa, shi ya sa cikin ya yi wannan girma. Ya ce irin haka yakan sa haihuwa ta zo kafin lokaci. Wai mu zauna da shiri tun daga wata na bakwai."

"Na bakwai," in ji Yaya.

"Na bakwai."

Yaya ta sunkuya tana tsinke zare da haƙori don kada a ga fuskarta. Ga shi nan ya fito. Bakwai a bakinsu, tara a tef ɗinta. An ga rana tana matsowa, an je an samo wa ƙaton jariri suna tun bai iso ba, wai bakwaini. Ita dai ta san ana ciki da ɗa, yau ga mai ciki da ruwa, sai ka ce randa.

"Mu dai a gidanmu ba a gaggawar fitowa," ta ce. "Wannan da kike gani sai da ya kusa wata goma a ciki, har Inna ta ce ko haya ya kama. Nawa uku ma duk sai da suka wuce ranar da aka ba ni."

Auta ya yi dariya, Malama ta ɗan murmusa. "Na tambayi wannan ma, Yaya. Sun ce in Allah ya sa ya zauna har ya wuce lokaci, akwai abin da za su yi, za su riƙa dubawa kowane sati. Amma wancan yana ba mutum lokaci. Wannan ba ya sallama."

Sai ta fito da wata takarda daga jaka ta miƙa da hannu biyu. Nas ce ta rubuta musu abin da za su tanada. Jaririn da bai kai ba, in ji ta, sanyi ne babban abokin gabansa, kuma ta kai yake zubar da ɗumi. Ana buƙatar huluna da safa da 'yan riguna masu buɗewa ta gaba, da igiya maimakon maɓalli, saboda wayoyin da ake liƙa masa. Sun zagaya kasuwa ba su sami masu wannan ƙanƙanta ba. A ƙasan takardar an rubuta awo, zagayen kai inci goma sha ɗaya.

"Na ce wa nas kada ta damu," in ji Auta yana washe baki. "Na ce muna da tela a gida, kuma babu kamarta a garin nan."

Yaya ta ninke takardar ta sa a ƙarƙashin gwangwanin maɓallai, ta ce su dawo bayan sati.

Da suka tafi ta je ta sayo yadin auduga mafi laushi da ulu fari. Ta shimfiɗa a tebur, ta ɗauki alli, ta tsaya. Kan jaririn da ya cika wata tara inci goma sha huɗu ne, wannan ko cikin barci aka tashe ta za ta faɗa. A nan dabarar ta zo mata. In ta ɗinka ƙanana, ranar haihuwa za a ga ba su shiga ba, a ɓoye su a jaka, a ce an manta su a gida, shi ke nan magana ta mutu. In kuwa ta ɗinka na cikakken jariri, za a sa masa hula a gaban Auta ta zauna ɗas. Daga nan jimla ɗaya kawai za ta faɗa: "Auta, hular nan fa ta ɗan wata tara ce." Ta sa alli ta zana goma sha huɗu.

Kada wani ya ce ta yi aikin a wulaƙance. Ba ta taɓa yin ɗinki mai kyau irin wannan ba. Duk kalmasa ta juya ta waje don kada ta gurji fata, duk igiya ta kama bakinta da allurar hannu. Hula shida, safa shida, riga takwas. Haka Yaya take, ko tarko za ta ɗana sai ta yi shi da kyau.

Ta kai wa mai guga ya goge. Ya ɗaga hula ɗaya ya zura mata dunƙulen hannunsa, ya juya shi a ciki.

"Ba ce mini kika yi bakwaini ake tsoro ba? Wannan ai da kaɗan ta shiga gwiwata."

"Goge aka ce ka yi. Ɗinki ka koya ko guga?"

"Allah ya ba ki haƙuri," in ji shi. Ya ci gaba da guga, amma ya daɗe yana kallonta ta gefen ido.

Ta jera kayan a farar takarda, ta sa a leda, ta liƙe ko'ina. Da Malama ta zo karɓa sai ta ce mata, "An wanke an goge. Kada ki buɗe, kada hannu ya taɓa sai ranar." Malama ta karɓa ta rungume a ƙirji, ta yi godiya har idonta ya kawo ruwa, ta tafi da shi yadda yake.

Daga nan Yaya ta tsiri zuwa gidan Auta duk bayan kwana biyu, wai dubiya. Abin da ta gani kuwa shiri ne ba na wasa ba. Jaka tana bakin ƙofa a ɗaure, da katin asibiti a aljihun gaba. A jikin firji an manna takarda da lambobin waya: na nas, na mai tasin da ke bayan layi, na maƙwabciyar da ke riƙe da makullin gida. Malama ta daina zuwa makaranta. Auta ya roƙi kamfani aka bar shi a aikin cikin gari, ya je aka gwada jininsa ko za a buƙata. Ƙaramin asibitin unguwa ba su da kwalbar da ake sa jarirai, don haka aka mayar da su babba, can ƙetaren gada. Sau biyu Auta ya bi hanyar yana duba agogo, ɗaya da safe lokacin cunkoso, ɗaya da rana, ya gano wata ɓarauniyar hanya ta bayan kasuwar katako.

Wani zai ga wannan ya ji tausayi. Yaya kuwa wasan kwaikwayo ta gani, kuma ta yaba wa mai shirya shi. Ta dubi ƙafafun Malama da suka kumbura, da yadda take dafa bango in za ta tashi, da yadda numfashi yake yi mata wuya in ta kwanta, ta ce a ranta, cikin wata tara sak. In wayar Malama ta yi ƙara sai Yaya ta kasa kunne. Shugaban makaranta ya kira sau biyu yana tambayar jiki. Wane irin shugaba ne wannan mai tausayi haka? Maƙwabcin sama ya taya su hawo da buhun shinkafa. Wa ya aike shi? Har mai tasin ma sai da ta ƙare masa kallo, ta ga kunnuwansa manya ne, ta ajiye wannan a ranta don ranar duba jariri.

Ran nan ta tare Auta a bakin ƙofa yana wanke takalmi.

"Kai ka ga likitan nan da idonka?"

"Na gan shi mana, Yaya."

"Kai ya yi wa bayani, ko ita ce ta faɗa maka abin da ya ce?"

"Ni ya yi wa. Har ya nuna mini a allon na'urarsu. Ya ce duk baƙi-baƙin nan da ke kewaye da yaron ruwa ne."

"Ranar da cikin ya shiga fa, shi ya gano, ko faɗa masa aka yi ya rubuta?"

Auta ya ɗago ya dube ta. "Me ya faru ne, Yaya?"

"Ba komai. Tambaya ce."

Ya koma wankinsa. Tausayinsa ya kama ta har ta ji kamar ta yi kuka. Wannan yaro, ko baƙin bango aka nuna masa aka ce teku ne, zai ce Allah mai iko.

Sau ɗaya ne zuciyarta ta yi rawa. Tana shirin tafiya wata la'asar, Malama ta riƙo gefen mayafinta daga inda take kishingiɗe.

"Yaya, tsoro nake ji. Kin san mamata tana nesa, ga ciwon ƙafa, ba za ta iya tahowa ba. In abin ya zo, ke nake so a kusa da ni."

Hannun yarinyar sanyi ƙalau, idonta kuwa ba na mai wasa ba ne. Yaya ta ji wani abu ya motsa mata. Ta tuna takardar nan da ke ƙarƙashin gwangwanin maɓallai, ta tuna akwai ragowar yadi, yini ɗaya ya isa ta fitar da ƙanana guda biyu a ajiye. Har ta kai bakin titi da wannan niyya. Kafin ta iso shago ta warware ta. Shaida ake nema, ta ce, so ake a ce ai Yaya ma tana wurin. Wayo ke nan, kuma ba a kanta za a fara ba.

Kiran ya zo wata Talata da hantsi, tana tsakiyar yanka rigar wata mata. Auta ne. Faya ta fashe, ruwa ya malale ɗaki har ƙarƙashin gado, suna cikin tasi. Yaya ta ajiye waya ta dubi kalanda. Wata bakwai da kwana biyar. Ta gyaɗa kai. Abin kunya ne a faɗa, amma abin da ta fara ji shi ne daɗin mai gaskiya: na faɗa! Bayansa ɗaci ya biyo, don ta san yau za ta rusa wa Auta gida da bakinta. Ta rufe shago, ta ce wa mai guga ya sa ido. Duk tsawon hanya tana maimaita jimlarta a zuci, tana gyara mata zama, tana neman muryar da za ta faɗe ta da ita.

Cunkoson gada ya riƙe ta fiye da awa biyu. Ko da ta isa an haihu, namiji, an wuce da shi ɗakin jarirai. Ta same su a ƙofar ɗakin, Malama a keken marasa lafiya, fuska fayau, leɓe a bushe, Auta yana riƙe da keken da hannu ɗaya, jaka a ɗaya hannun. Wata nas mai ƙiba ta leƙo.

"Ina hula da safa? Ku yi sauri. Ku wanke hannu har gwiwar hannu, ku shigo."

Auta ya zaro ƙunshin ya yage ledar da haƙori. "Ga su, Sista. Yayata ce ta ɗinka, ga ta nan."

Ɗakin da zafi, injuna suna ta ƙara ƙit-ƙit. Kwalabe shida ne a jere, kowace kamar akwatin gilashi mai ƙofofin zura hannu. Nas ta tsaya a ta huɗu. Yaya ta matsa, jimlarta tana kan harshe, ta leƙa.

Da farko ba ta gan shi ba, sai kunzugu da wayoyi. Sannan ta ga abin da ke cikin kunzugun. Fatarsa ja ce, siririya, ana ganin jijiyoyi ta cikinta. Haƙarƙarinsa yana shiga yana fita da sauri kamar na ɗan tsako. Damtsensa bai fi babban yatsanta ba. Ga siririn bututu a hanci an liƙe shi a kumatu, kumatun ma babu su. Idonta, idon nan da bai taɓa neman tef don ya san awo ba, ya zagaya kan yaron da kansa. Goma sha ɗaya, da ƙyar.

Ta nemi jimlar ta rasa.

Nas ta ɗaga hula ɗaya, ta dube ta, ta dubi yaron. "Wannan ai har kafaɗa za ta rufe shi, ta toshe masa hanci." Ta ɗaga ta biyu, ta uku, ta zube sauran a tebur tana juyawa. Ta ɗaga safa, ta ɗaga riga. "Haba, bayin Allah! Ba mu ba ku awo a takarda ba? Sati nawa muna faɗa muku?"

Wata mata da ke zaune a kusurwa da jaririnta a cikin riga, a kan ƙirji, ta laluba jakarta ta miƙo wata 'yar hula ruwan toka, duk ta koɗe, saƙar ma ta karkace. "Ga wannan, Sista, wankakkiya ce. Ta yi wa tawa kaɗan yanzu." Nas ta karɓa ta zura hannu ta sa masa. Ta zauna ɗas.

Auta yana tsaye da farar hula a hannu yana juya ta. Ba fushi a fuskarsa, mamaki ne kawai, irin na yaro.

"Yaya, ya aka yi haka? Ke da ba kya kuskuren awo?"

Yaya ta buɗe baki. Malama ba yaron take kallo ba a lokacin. Hulunan da ke tebur take kallo, ɗaya bayan ɗaya, dukkansu kai ɗaya. Sannan ta ɗago ta dubi Yaya, ta daɗe tana dubanta, Yaya ta ga lokacin da ta gane.

"Laifina ne," in ji Malama. "Ni na koma daga baya na ce mata ta ƙara. Na ga cikin ya yi girma, na ɗauka yaron ma babba ne."

Yaya ta shekara talatin tana kamun ƙarya, ba ta taɓa jin wadda aka faɗa da murya a daidaice kamar wannan ba. Kuma ita ce ta farko da ta taɓa ji daga bakin Malama.

"Kai, ke ma dai!" in ji Auta. "Likita ya ba da awo, ki je ki canza? Kin sa Yaya ta yi wahalar banza." Ya dafa kafaɗar matarsa. "Ba komai, zai girma ya same su."

Nas ta miƙa masa takardar magani ta ce ya sauka ƙasa ya karɓo, su kuma su jira a waje. Yaya ce ta tura keken zuwa baranda. Ta tsaya a bayansa, ta kasa zagayowa gaba.

"Malama," ta ce, muryar ba tata ba.

"Hula shida, Yaya." Malama ba ta waiwayo ba. "Da ɗaya ce, da na ce hannu ne ya goce. Sati huɗu ina kwana da ƙunshin nan a bakin ƙofa. In tsoro ya taso mini sai in dube shi in ce, ko ba komai ɗana ba zai ji sanyi ba."

"Zan faɗa masa. Yanzu in ya dawo zan faɗa masa da bakina."

"Ba za ki faɗa ba."

"Ki bar ni in..."

"Ki ce masa me? Ki ce ranar da ɗansa yake kokawa da numfashi, ke kin zo duba ko nasa ne?" Sai a lokacin ta juyo. Ba ta kuka, da ma kukan ta yi da ya fi sauƙi. "Ba don ke na rufa ba, Yaya, kada ki gode mini. Ya ɗauke ki uwa, ni kuma ba ni da wata da zan ba shi a madadinki."

Ta juya ta fuskanci ƙofar ɗakin jarirai.

Can sai ga Auta ya hawo da gudu, ledar magani a hannu ɗaya, ɗaya hannun yana jan wata kujerar roba da ya samo a wani wuri. Ya ajiye ta a bayan Yaya, ya goge mata ita da gefen rigarsa.

"Zauna, Yaya, tun ɗazu kina tsaye. Wallahi da na gan ki sai hankalina ya kwanta."

Yaya ta zauna.